Sifirin Akawu da Masarar Ɗan Dako

A cikin garin Jos, wajen kasuwar kayan gwari ta Farin Gada, akwai wani dattijo wanda ba a cika jin sunansa na yanka ba, kowa Akawu yake ce masa, har mutanen gidansa. Ya sami wannan suna ne tun yana saurayi, sa'ad da ya kama aikin rubuta nauyin kuza a wani kamfani a Bukuru cikin 1970. A can ne wani Bature ya koya masa wata ɗabi'a wadda ta bi jikinsa har tsufa, watau toshe gurbi da sifiri. Idan littafi yana da gurabe uku, lambar da za a rubuta kuwa mai alƙaluma biyu ce, to, sai a sa sifiri a gurbin farko, don kada wani mai dogon hannu ya zo daga baya ya mai da 45 ta zama 145. Saboda haka Akawu bai iya rubuta 45 tsirara ba, sai 045. Wannan sifiri shi ne hatiminsa na amana, da shi yake taƙama.

Yana kan wannan kujera aka sake kuɗin Nijeriya ran 1 ga Janairu, 1973, aka bar fam da sule aka koma naira da kobo. Fam guda ya zama naira 2, sule ya zama kobo 10. Kafin ranan nan kwabo 12 ne ke yin sule, sule 20 ke yin fam, don haka akawun wancan zamani tilas ya riƙe ƙidaya iri uku a kansa a layi ɗaya. Ya kan ba da labarin yadda ya kwana uku yana juya bashin leburori daga tsohon kuɗi zuwa sabo, ba wanda ya yi asarar ko anini. Mai karatu ya riƙe wannan, domin za a komo kansa.

Da farashin kuza ya faɗi warwas a kasuwar duniya cikin Oktoba, 1985, aikin Bukuru ya mutu a tsaye, sai Akawu ya tattara alƙalumansa ya koma kasuwa. Wasu dillalan dankalin Turawa su shida, masu rumfa guda, suka ɗauke shi ya riƙe musu littafi. Motoci na zuwa daga Bokkos da Mangu da Barikin Ladi tun da asuba, cikin sanyin nan na Jos mai shiga ƙashi, 'yan dako su sauke, yaron ƙirga ya rubuta wa kowane ɗan dako yawan buhunan da ya ɗauka a wata 'yar takarda, da la'asar Akawu ya kwafe cikin littafi, ran Asabar a tara a biya. Takardun kuwa ba ya yar da su. Sokewa yake yi a jikin waya, in ta cika ya ɗaure ya jefa cikin adaka.

Cikin 2013 dillalan suka sayi tsohuwar kwamfuta, suka sami wani saurayi ɗan bautar ƙasa ya rubuta musu manhaja, watau jerin umurnin da na'urar za ta riƙa bi. Da harshen Python ya rubuta ta. Wannan harshe wani mutumin Holan ne ya ƙago shi, ana ce masa Guido van Rossum, ya fito da shi a 1991, sunan kuwa ba daga mesa ya samo shi ba, daga wani wasan barkwanci ne na talabijin ɗin Ingila. Harshen kwamfuta kamar littafin makaranta yake, ana yi masa bugu na ɗaya da na biyu, ana gyara ana ƙari. Bugu na biyu ya fito a shekarar 2000, na uku a Disamba, 2008. Amma da yake na uku ya saɓa wa na biyu a wurare da dama, mutane suka daɗe suna ɗari-ɗari da shi, har a 2013 ɗin nan akasarin masu koyo na biyun suke riƙe da shi. Shi ma saurayin da shi ya yi aiki, ya gama cikin mako biyu, ya karɓi ladansa, shekararsa ta cika ya koma garinsu.

Akawu ya fara da ƙyamar abin, amma kafin wata uku sun shaƙu. Abin da ya fi burge shi, na'urar tana da fahimta. Idan ta tambaye shi buhu nawa, ya ga ɗan dako ya yi 20 da safe 25 da yamma, ba sai ya tara ba, sai ya buga 20+25 yadda yake, ita kuwa ta karɓa a kan 45. Aibi ɗaya ya sani gare ta. Wani lokaci in ya buga lamba irin 048 ko 019, sai ta cije, ta zubo waɗansu layuka na Turanci, ta ƙi ci gaba. A hankali ya lura ba ta son a haɗa mata sifirin gaba da takwas ko tara, sai ya riƙa cire sifirin a irin waɗannan lambobi, ta karɓa lafiya lau. Ya ɗauki abin kamar halin jaki, kowanne da inda ba ya son a taɓa masa. Bai taɓa tambayar kansa ba, in tana ƙin 048, to, 045 da take karɓa shiru, me take yi da ita?

Ba kullum sifiri ke shiga ba. Yaron ƙirga ba ya sa shi. Sai ranar da yaron bai zo ba, ko ciwo ko biki a ƙauye, Akawu ya fita da kansa ya tsaya bakin mota da biro, ya rubuta yadda hannunsa ya saba, da la'asar kuma ya buga abin da ya gani a takarda ba ragi ba ƙari. A fuskar na'urar 045 yake gani, daidai da abin da ya buga. Jimla kuwa sai ran Asabar take fitowa, dunƙule guda.

Cikin 'yan dakon akwai wani mutumin ƙasar Mangu, ba shi da yawan magana, bai yi boko ba, amma yana da nasa littafin. Ƙwayar masara yake zubawa a aljihun dama, kowane buhu ya dire sai ya mai da ƙwaya ɗaya aljihun hagu, da dare ya juye cikin gwangwani. Saboda wannan ake kiransa Mai Masara. Wata Asabar cikin daminar 2014, da aka miƙa masa kuɗinsa, ya ƙirga, ya tsaya bai tafi ba.

Ya ce, “Baba Akawu, buhu 20 ba su shigo ba.”

Akawu ya sake duba takardar da na'ura ta fitar, ya ce, “Ɗan'uwa, ga abin da ta ce. Ko dai kaza ta shiga gwangwanin naka ta yi maka ajiya?”

Aka yi dariya. Mai Masara bai yi ba, ya sa kuɗinsa a aljihu ya tafi. Bayan wata biyu ya sake kawo ƙara, bayan wata huɗu ya kuma. A karo na uku babban dillalin rumfar ya fusata, ya ce a gaban jama'a na'ura ba ta ƙarya, ba ta da ƙabila, ba ta da ɗan'uwa a kasuwa, wanda ya ga ba zai iya ba ga hanya nan. Maganar ta yi daɗi a kunne, musamman a gari irin Jos inda aka sha wuya a kan wane ɗan wane ne, har mutane suka ƙosa su sami alƙalin da ba shi da dangi. Takardun suna nan cikin adaka, taku biyar daga inda ake gardamar. Tara lambobi shida da hannu ba zai ci wa Akawu minti biyu ba, mutumin da ya juya fam zuwa naira. Bai tara ba. Wannan shi ne abin da har yanzu in ya tuna yake yin shiru. Mai Masara ya ɗauki gammonsa, ba a sake ganinsa a rumfar ba.

Shekara bakwai suka wuce. Cikin 2021 tsohuwar kwamfutar ta mutu murus, aka sayo wata. Autar Akawu, wadda ta karanta ilmin kwamfuta a Jami'ar Jos, ita aka kira ta ɗora tsohuwar manhaja a kan sabuwar na'ura. Ta gaya wa mahaifinta tun da fari cewa ba za a koma bugu na biyu ba, domin masu kula da harshen sun daina yi masa gyara tun ran 1 ga Janairu, 2020. Da ma 2015 suka sa, mutane suka yi ta roƙo aka ƙara musu shekara biyar. Ta yi ƙananan gyare-gyaren da za su sa manhajar ta tashi, ta ce ya gwada. Ya buga 40 na safe, ya buga 25 na yamma. Na'ura ta ce jimla 4025.

Akawu ya tuntsire da dariya, ya ce, “Auta, wannan sabuwar taku ba ta gama firamare ba.”

Ta ce, “Baba, ba ta yi kuskure ba, ba a dai gaya mata lamba ce ba.”

A nan ne gindin maganar yake, ya kamata a tsaya a kansa kaɗan. Abin da mutum ya buga a kan maɓallai ba lamba ba ne tukuna, zane ne kawai, baƙi bayan baƙi, kamar yadda yaron da bai fara ƙidaya ba zai kwafi 4 da 0 a allo. Sai an yanke shawarar yadda za a karanta zanen kafin ya zama adadi. A bugu na biyu na Python ƙofa biyu ce ake karɓar abin da mutum ya buga. Ɗaya ana kiranta raw_input, ita tana miƙo zanen ne yadda yake, ba ta fassara kome. Ɗayar ana kiranta input, ita kuwa karambani gare ta: duk abin da aka buga sai ta ɗauke shi tamkar wani yanki ne na manhajar kanta, ta aiwatar da shi nan take. Shi ya sa 20+25 ke zama 45. Shi ya sa kuma wanda ya san harshen, in mugu ne, zai iya buga umurni a wurin da aka tambaye shi yawan buhu, na'ura ta bi, ko da umurnin na share littafin duka ne. Da aka zo bugu na uku sai aka toshe ƙofar karambanin, aka ɗauki sunanta aka ba ɗaya ƙofar. Watau kalmar input tana nan ba ta sake ba, amma aikinta ya juye. Manhajar da aka rubuta jiya da wannan kalma, yau in an karanta ta, wani abu dabam take faɗa. Tun da 40 da 25 zane ne a wurin sabuwar, da aka ce ta haɗa su sai ta jera su gefe da gefe. Da za a tambaye ta wanne ya fi girma tsakanin 9 da 10, cewa za ta yi 9, don bin su take yi baƙi baƙi kamar jerin ƙamus.

Maganin abin kalma ɗaya ce, int, wadda ke karɓar zane ta mai da shi cikakkiyar lamba bisa ƙidayar goma-goma, in kuwa ba lamba ba ce ta ƙi. Akwai wata hanya ta komo da tsohon hali gaba ɗaya, ita ce ma wadda na'urar juya manhaja daga bugu na biyu zuwa na uku ke sakawa da kanta, amma Auta ta ce ba da ita ba. Akawu bai ji daɗi ba, domin ya rasa 20+25 ɗinsa. Kwana biyu yana mita, wai an ɗauke masa yaro mai hankali an kawo masa kurma.

Ita kuwa tana da wata al'ada da ta koyo, ba ta yarda da gyara sai ta gwada shi da abin da aka riga aka san amsarsa. Ta sa aka buɗe adaka, ta ɗebo takardun wata uku na 2014, tana bugawa tana gwada jimlar sabuwa da ta tsohuwa. Mako tara suka yi daidai. Mako huɗu suka saɓa, kuma duk sabuwar ce ta fi yawa. Akawu ya ce ai ga shi nan, da ma ya faɗa. Ya jawo biro, ya gyara tabarau, don ya kunyata kurman. Ya tara sau ɗaya, ya sake tarawa daga ƙasa zuwa sama kamar yadda aka koya masa a Bukuru. Hannunsa ya bi bayan sabuwar.

Aka baza takardun makonnin nan huɗu a kan tabarma. Ba a daɗe ba Auta ta ga abin da ya haɗa su: a kowane mako akwai rana ɗaya ko biyu da rubutun ba na yaron ƙirga ba ne, na mahaifinta ne, kyakkyawa, a tsaye, kowace lamba da sifirinta a gaba. Ta yi jim, don ta san abin da za ta faɗa ba ƙarami ba ne. Sa'an nan ta ce a bugu na biyu, lambar da ta fara da sifiri ba a karanta ta da ƙidayar goma, da ƙidayar takwas-takwas ake karanta ta. Al'ada ce da Python ya gada daga wani tsohon harshe mai suna C, wanda Dennis Ritchie ya tsara a Amurka wajen 1972, zamanin da masu aikin na'ura ke yawan amfani da irin wannan ƙidaya. A cikinta babu alƙalamin 8, babu na 9, abin da ya sa na'urar ke cijewa ke nan in ta gan su.

Ta ɗauka sai ta yi dogon bayani. Ba ta kai ko'ina ba ya ɗaga mata hannu. Ya ce, “Tsaya. Sule 4 da kwabo 5, a da, kwabo 53 ne, ba 45 ba, don gurbin hagu sha biyu-sha biyu yake tafiya. Ita wannan takwas-takwas take tafiya. Huɗu sau takwas, 32, da biyar, 37.” Ya ɗauki wata takardar, 064. Ya ce, “52.” Ya ajiye. Takwas a ta farko, sha biyu a ta biyu. Ya duba sunan da ke saman takardun biyu, ya duba kwanan wata, daminar 2014. Buhu 20, ba ɗaya ba ragi.

Ana iya raba laifin nan gida-gida, kowa ya sami rabonsa. Saurayin da ya rubuta manhajar ya bi gajeriyar hanya, alhali ko a bugu na biyu da ya haɗa raw_input da int, da 045 ta shiga a 45 ɗinta. Ba mugunta ya yi ba, ya gwada da 10 da 20 ya ga daidai, bai san akwai wani tsoho mai toshe gurbi ba. Masu harshen su ma sun san tarkon, shi ya sa a bugu na uku suka hana rubuta lamba da sifiri a gaba cikin manhaja, wanda ke son ƙidayar takwas sai ya sa alama ta musamman. Har rabawa suka gyara, domin a da in an raba 45 gida biyu 22 take bayarwa ta haɗiye rabin, yanzu kuwa 22.5 take cewa. Amma su suna can, ba su san Farin Gada ba. Na'urar da Akawu ya yaba wa hankali, hankalin nata shi ne cutar, gama ba ta tambaya, zato take yi, zaton da ya yi daidai sau ɗari ya sa aka daina bincikarta a na ɗari da ɗaya. Kurman da ya raina, wanda ke tsayawa ya ce bai gane ba, shi ne abokin aikin kirki. Akawu dai bai tsaya rabon laifi ba. Abin da ya ce kawai shi ne mutum ya zo masa da ƙidaya sau uku, shi kuwa ya ba shi amsa da kaza.

Auta ta gina sabuwar ƙofa a hankali. In an buga 1,500 da waƙafi, sai ta cire waƙafin kafin ta karanta, domin tsohuwar a irin wannan lambobi biyu take gani, 1 da 500. In an buga abin da ba lamba ba, ko lambar da ta wuce abin da ɗan Adam zai iya ɗauka a yini, sai ta sake tambaya. Ta kuma sa duk abin da aka buga na'ura ta maimaita shi da Hausa kafin ta ajiye: buhu 45, haka ne? Daɗin daɗawa, kowane ɗan dako a ba shi takardar mako mai nuna kowace rana dabam. Wannan na ƙarshe ba ita ta kawo shi ba, mahaifinta ne.

Sai da ya yi wata guda da rabi yana bin adaka, daga 2013 har 2021, yana ware duk takardar da ke da rubutunsa. Sunaye 31 suka fito. Da ya kai wa dillalan lissafin, gardama ta tashi. Wani ya ce abin da ya wuce ya wuce, wani ya ce a biya amma da farashin wancan lokaci. Akawu ya ce buhu aka ci, ba naira ba, don haka da kuɗin dakon buhu na yau za a biya, in sun ƙi zai sayar da filinsa na Rikkos. Huɗu suka yarda, biyu suka yi shiru, aka ɗauki shirun a kan yarda. Cikin mutum 31 an sami 19 a kasuwa ko kusa da ita. Uku sun rasu, aka kai wa iyalansu. Sauran har yanzu kuɗinsu na cikin ambulan a adaka, kowanne da suna a bayansa.

Na Mai Masara shi ya kai da kansa. Ya shiga mota ta bi ta Bukuru, ta wuce tafkunan da haƙar kuza ta bari, waɗanda wataƙila nauyin ƙasar wasunsu ya bi ta littafinsa, ta ratsa Barikin Ladi har Mangu. Sai da ya yi tambaya wuri uku kafin a nuna masa shi a bayan kasuwa, ya yi furfura, ya bar dako, yana sayar da rake. Suka gaisa, gaisuwa mai tsawo. Akawu ya tsuguna, abin da bai saba yi wa na ƙasa da shi ba, ya fito da takardun nan, ya fara bayanin sifiri da takwas-takwas. Mutumin ya saurara har ƙarshe, ko ya gane ko bai gane ba, fuskarsa ba ta nuna ba.

Ya ce, “Baba Akawu, nawa ta ce yanzu?”

Akawu ya ce, “Ba ita ta ce ba, ni na tara. Buhu 57, a karo uku.”

Mai Masara ya dubi ƙasa, leɓunansa suna motsi. Can ya ce, “20, da 16, da 21.” Ya karɓi ambulan, bai buɗe ba, ya sa a aljihun hagu. Sa'an nan ya zaɓi rake mai kauri, ya fere, ya yanka gaɓa biyu, ya miƙa wa baƙonsa ɗaya, ya jawo masa benci.